Telan da Bai Taɓa Cewa Gobe Ba

Tun kafin shayin ya huce Yaya ta san tambayar tana tafe. Kullum haka take zuwa. Baba zai kurɓa, ya ajiye kofin a kan tsohon keken ɗinkinsa da aka rufe ya zama teburi, ya dubi ƙofar ɗakin ciki, ya ɗan kasa kunne kamar mai jiran motsin kwanuka, sannan ya juyo.

"Yarinya, ina uwarku?"

Yarinyar nan kuwa furfura ta cinye mata gaban kai, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta duk sun kama gabansu. Amma a bakin Baba ba ta taɓa wuce yarinya ba. Sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta durƙusa a gabansa, ta riƙe masa hannu, ta faɗi abin da ta faɗa jiya da shekaranjiya.

"Baba, Inna ta rasu. Tun daminar bara. Kana wurin, kai ka rufe mata ido."

Da a ce tsohon yana ihu ne, da abin ya fi sauƙi. Shiru yake yi. Bakinsa ya buɗe, ya rufe, sannan hawaye su biyo ramukan kumatunsa. Can sai ya ce, "Kuka kai ta ban sani ba? Me na yi muku?" Daga nan shayi ya tashi daga aiki, burodi ya bushe a faranti. Zai juya wa duniya baya har rana ta karkata, da ƙyar a lallaɓa shi ya ci loma biyu da yamma. Barci ya zo ya share komai tas. Gari na wayewa, Inna tana raye a kansa, sai an sake kashe masa ita.

Mai kashewar kuma Yaya ce. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Wanda bai san gidan ba zai ce wace irin mace ce wannan marar tausayi. To, sai an san ko wane ne uban. An san tela da abu biyu a duniya, cin ƙyalle da "ka dawo gobe." Shi Baba tun ranar da ya buɗe shago ya yi rantsuwa ba zai yi ko ɗaya ba, har aka laƙaba masa Ba-Gobe, sunan ya bi shi ya danne na yanka. In ɗinki zai kai wata guda, wata guda zai ce maka, alhali na kusa da shi yana cewa jibi. Kai ma ka san jibin nan ƙarya ce, amma ta fi daɗin ji, sai ka ɗauki yadinka ka koma can. In ya gama aiki, ƙyallen da ya rage ko bai kai tafin hannu ba sai ya ɗaure shi da zare ya haɗa maka. Wata mata ta taɓa shimfiɗa masa yadi mai tsada tana tambaya ko zai yi mata kyau. Ya dubi yadin, ya dube ta, ya ce yadin dai yana da kyau. Ba ta sake taka shagon ba, ita da danginta kaf.

Inna takan ce, "Malam, ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Amma ai shi ya sa aka yi wa baki leɓe, don a rufe shi wani lokaci."

Shi kuwa ya ce duniyar nan ƙananan ƙarairayi ne suka lalata ta, ba manya ba. In kowa ya tsare bakinsa a abin da bai kai ya kawo ba, alƙali ma sai ya nemi wata sana'a. Ya yarda da wannan har cikin ƙashinsa, ya kuma yarda cewa in mutum ɗaya ya fara, saura za su biyo. Ba su biyo ba. Telolin layin suka yi gidaje, shi ya tsufa a shagon da ya fara da shi.

Amma kada a ci haƙƙinsa. In rigima ta sarƙe a unguwa, cewa ake yi a je a tambayi Ba-Gobe, abin da ya faɗa shi ke nan, ba a neman shaida ta biyu. Yaya ta tashi a gidan da ba ka kwana kana tunanin me ake nufi da abin da aka ce maka. Ranar da ya juya wata riga da ta ɗinka, ya bi kalmasar da yatsa, ya ce "Wannan ya yi," ta san ya yi ɗin, ta ɗauki kalmar nan ta rayu da ita. Da ciwon Inna ya yi tsanani, likitoci suna ta kewaye-kewaye, dangi suna ta cewa ai sauƙi ya samu, Baba ta kira ta tambaya ko za ta tashi. Ya gaya mata. Ta yi kukanta, ta kira waɗanda za ta kira, ta yafe wa waɗanda za ta yafe wa, ta tafi da hankalinta a kwance. Yaya ta ga wannan da idonta, kuma ba ta manta ba.

Da mantuwa ta fara kama Baba, shi ya fara ganewa. Wata rana ya yanka wa riga hannun dama guda biyu. Ya daɗe yana kallon su a kan teburi, sannan ya ajiye almakashi, ya kira ta.

"Yarinya, kaina ya fara zuba. Abu ɗaya nake roƙon ki. Ko sunana na manta, kada ku mayar da ni jariri ana yi mini wayo. Abin da na tambaya, a gaya mini."

Ta ce ta ɗauka. A lokacin alkawarin bai yi mata nauyi ba.

Ta gwada duk dabarar da ba ƙarya ba ce. Ta gwada yin kamar ba ta ji ba. Ta gwada jan hankalinsa da zancen zare da tsadar allura. Mutumin da ya manta ko ya ci abinci, bai manta yadda ake kama mai zille-zille ba. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Tambaya na yi miki." Likita ya ce zuciyarsa ba ta son tashin hankali, a riƙa kiyayewa, ya rubuta magani ya sallame su. Bai faɗi yadda ake kiyayewar ba.

Ana haka Auta ya zo. Shi ne ƙanenta, direban haya ne a wani gari, ba ya zuwa sai ya ga dama, in ya zo kuma da lemo da ayaba a leda kamar mai zuwa duba baƙo a asibiti. Wannan karon ya kwana, don haka ya ga abin da safe tun daga kurɓar shayi har juya baya. Ya fita tsakar gida ya tsaya. Da Yaya ta fito da farantin burodin da ba a taɓa ba, ya tare ta.

"Yaya, kullum haka kike yi masa?"

"Kullum haka yake tambaya."

"Ki ce ta je unguwa mana! Ta je kasuwa, ta je duba wani. Kafin azahar ya manta. Mene ne a ciki?"

"Ka san abin da ke ciki."

"Wallahi ban sani ba. Tsoho yana ta zubewa kamar an huda buhu, ke kina nan kina gadin gaskiya. Gaskiyar ta ci abinci ne?"

"Alkawari na yi masa, Auta. Da bakinsa ya roƙe ni."

"Wanda ya roƙe ki ba shi ne ke kuka a ɗakin nan ba. Wancan ya tafi tuntuni. Wannan wani bawan Allah ne da ke neman matarsa."

Maganar ta soke ta, don haka ta rama inda ta san zai ji. "Kai dai har yau ba ka huce ba."

Ta san abin da ta taɓo. Auta yana saurayi ya samu hanyar aiki a wani kamfanin manyan motoci, saura kaɗan a ba shi makulli. Sai manajan, wanda Baba ke yi wa ɗinki, ya tambaya a wajen awo ko yaron ya taɓa jan babbar mota. Baba yana riƙe da tef a kafaɗar mutumin ya ce bai taɓa ba, ƙaramar ma ya taɓa shigar da ita katanga. Aikin ya tafi. Auta ya yi shekaru yana gararamba kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Na huce, Yaya. Ƙila ma ya cece ni ne, da na kashe kaina a hanya. Amma ranar nan ko kallona bai yi ba, ya ci abincinsa ya ƙoshi, ya ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Cikinsa ne ba ta huda ba. Mu da ke gefe mun sha yanka. Yanzu ga ki kin gaji wuƙar, kina yanka shi da ita kowace safiya."

"In na yi masa ƙarya, me ya rage masa? Shago ya tafi, ido ya tafi, Inna ta tafi. Abu ɗaya ya tara a duniya."

"To ki bar shi ya mutu da shi."

Ya ɗauki makullin motarsa ya tafi kafin rana ta yi zafi. Mai zuwa da lemo a leda ba ya rasa shawara, in ji Yaya a ranta, amma ba shi zai wanke zanin gado ba. Duk da haka maganar ta zauna mata a ƙirji, ta ƙi narkewa.

Abin da ya karya ta ba gardama ba ce, wando ne. Wandunan Baba shi ya ɗinka abinsa tun yana da ƙarfi. Ta rage musu ƙugu bayan rasuwar Inna, ta sake ragewa da sanyi. Wata safiya tana taya shi sa kaya, ta ɗaure, wandon ya sulale ya sauka har gwiwa. Ta kama ƙugun da yatsu tana neman inda za ta ƙara cinyewa, irin na mai sana'a, sai ta ga babu sauran wuri, aljihu biyu sun kusa haɗuwa a baya. Ta ga ƙasusuwan ƙugunsa. Ta ɗaure masa da igiyar ƙyalle, ta zaunar da shi, ta kawo shayi.

Ya kurɓa. Ya ajiye. Ya dubi ƙofar.

"Yarinya, ina uwarku?"

Ba ta durƙusa ba. Tana tsaye, idonta a kan faranti, ta ji bakinta yana cewa, "Ta je duba ƙanwarta, ba ta jin daɗi. Za ta dawo."

Ya ɗago ya dube ta. Ta jira yatsan nan ya tashi. Mutumin da ya yi shekaru yana gane yadin jabu da taɓawa ɗaya, ai ba zai kasa gane wannan ba.

"To," in ji shi. "Allah ya ba ta lafiya. Miƙo mini burodin nan."

Ya cinye tas, ya nemi ƙari. Yaya ta shiga ɗakin girki ta jingina da bango, ta rasa ko kuka za ta yi ko godiya. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne sauƙin abin. Ko tuntuɓe harshenta bai yi ba. Kuma ta san dalilin da ya sa ya haɗiye ba tare da taunawa ba: a duniyarsa, 'yarsa ba ta ƙarya.

Ranar nan gidan ya ga abin da ya daɗe bai gani ba. Baba ya ce a kira mai aski. Ya ce a ciro masa farar rigarsa a goge, har ya yi mata faɗa a kan karin hannu, cewa gugar 'yan zamani duk ha'inci ce. Ya sa aka fitar masa da kujera bakin ƙofa. Mai gyaran takalmi da ke tsallaken titi ya taso gaishe shi, yana murnar ganin sa a waje, Baba ya ce masa ai mai ɗakin ce ta yi 'yar tafiya, ita yake jira. Mutumin ya buɗe baki, ya dubi Yaya da ke tsaye a bayan kujera. Shi ma yana cikin waɗanda suka ɗauki gawar. Yaya ta sunkuyar da kai. Ya ce Allah ya dawo da ita lafiya, ya koma rumfarsa yana waiwaye.

Da yamma ta kira Auta a waya ta gaya masa. Ya ce, "Kin gani ko? Sama ta faɗo?" Ta ce ba ta faɗo ba. Ta kwanta da tunanin cewa barci zai share wannan kamar yadda yake share komai, gobe ta sake faɗa, jibi ta sake, har abin ya zama kamar ba da magani.

Da safe ta fito da shayi ta tarar ɗakinsa babu kowa. Yana bakin ƙofa, ya jawo kujerar da kansa, ya sa farar rigar a bai-bai.

"Ba ta dawo ba," ya ce.

Yaya ta tsaya da kofi a hannu. Mutuwar da ta yi ta gaya masa wata da watanni ba ta taɓa kwana a kansa ba. Wannan kuwa ta kwana, ta tashi tare da shi. Ko likita ba zai iya gaya mata dalili ba. Ƙila kai yana zubar da abin da ba zai iya ɗauka ba ne, ya riƙe wanda yake so.

"Jikin ƙanwar ne da sauƙi-sauƙi," ta ce. Ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Yana cin abinci, wannan gaskiya ne, har kumatunsa suka ɗan ciko. Amma ya daina tambaya, ya koma jira. Duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe. Duk macen da ta ɓullo daga kwanar titi da mayafi mai duhu sai ya sa hannu a goshi. Yaya tana ɗinki a ɗakin gaba, tana taka keke tana hango ƙeyarsa ta taga, kowace rana tana ƙara wa ƙanwar Inna wani sabon ciwo. Matar nan kuwa ta riga Inna rasuwa da shekaru. Maƙwabta suka koyi abin da za su ce. Layin da ya yi shekaru yana kawo wa Ba-Gobe rigima don ya faɗi gaskiya, yanzu kowa ya wuce sai ya yi masa ƙarya cikin ladabi, har da masu ƙarawa da cewa sun ji an ce tana hanya.

Sannan murnar ta fara tsami. Ya daina neman mai aski. Yakan zauna yana motsa baki shi kaɗai, yana ƙirga wani abu da yatsu, ya girgiza kai. Wata rana da la'asar, rana ta sauka daga kan katanga, ya kira ta ba tare da ya juyo ba.

"Yarinya, zo zauna."

Ta kashe dutsen guga ta zo ta zauna a dokin ƙofa, kusa da ƙafarsa.

"Duba mara lafiya ba ya kai haka. Uwarku ba ta kwana biyu a wani gida, ko haihuwa aka yi." Ya dubi kwanar titi. "Na zauna na yi tunani. Fushi ta yi."

"Baba, wane irin fushi kuma?"

"Ke ba ki sani ba, ba a ma haife ki ba. Ranar da aka kawo ta, ta yi girkinta na farko, ta zauna tana kallona, ta ce ya yi daɗi? Na ce gishiri ya yi yawa." Ya shafa gwiwarsa. "Gishirin ya yi yawa. Amma yarinya ce a lokacin. Da ta haifi wanda bai zo da rai ba, ta tambaye ni ko da an kai ta asibiti da wuri da ya rayu. Na ce ƙila. Ƙila na ce mata, tana kwance. Ta taɓa gaya mini, Malam, wata rana zan bar ka da gaskiyarka ku zauna ku biyu. Da dariya ta faɗa. Ashe ba dariya ba ce."

Yaya ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tausayinsa ya kama ta, da na Inna, da wani haushi da ba ta san wa za ta ba ba.

Ya juyo, ya kama ta da idanun nan da suka yi fari-fari. "Gaya mini. Saboda ni ta tafi?"

Wannan kam tana da amsarta, kuma gaskiya ce tsantsa. Ta riƙe hannunsa da hannu biyu. "A'a, Baba. Wallahi ba saboda kai ba ne. Inna ba ta taɓa son barin ka ba, ko na rana ɗaya."

Ya daɗe yana kallon fuskarta. Sannan ya zare hannunsa a hankali.

"Lallashina kike yi," ya ce. "Ba komai. Kowa ma yanzu lallashina yake yi, ina gani."

"Baba..."

"Tashi ki je. Ki ce mata na daina. Duk abin da ta tambaya, abin da take so shi zan faɗa. Ki ce mata ban gyara kowa ba, ita kaɗai na ɓata wa. Ta dawo, ko ba za ta yi mini magana ba." Ya nuna mata titi. "Tashi mana. Rana tana faɗuwa."

Bakin Yaya ya cika da magana ɗaya, wadda ta saba faɗa a durƙushe. In ta faɗa yanzu, zai san matarsa ba ta guje shi ba, zai kuma san 'yarsa da layin gaba ɗaya sun mayar da shi abin da ya roƙa kada a mayar da shi. In kuwa ya yarda ke nan. Ta dubi farar rigar da ta fara dauɗa a wuya, ta dubi hannun da ya zare.

Ta shiga ciki ta ɗauko mayafi, ta sa takalmi.

"Ki gaya mata yadda na faɗa, kada ki rage," ya ce.

"Ba zan rage ba, Baba."

Ta bi titin, tana jin idonsa a bayanta. Mai gyaran takalmi ya ɗago, ya mayar da kai ga aikinsa. Ta sha kwana, ta wuce shagon mai cajin waya, ta tsaya a jikin wata katanga inda ba zai hango ta ba. Motoci suna wucewa, mutane suna komawa gidajensu. Ta tsaya a nan da saƙon a bakinta, tana lissafin tsawon lokacin da ya kamata aike irin wannan ya ɗauka, da abin da za ta ce Inna ta ce.